Ranar da Muka Roƙi a Kori Koci Gaddy

Ranar da Koci Purvis Gaddy ya ce zai ajiye aiki in kakar wasa ta ƙare, garin Tallahala ya rikice kamar an yi babban rashi. Mutumin nan ya haura shekara talatin yana horar da 'yan besbol na kwalejinmu, wasan nan da ake buga ƙwallo da sanda a zagaye kusurwoyi huɗu a guje, amma ka rantse ba wanda ya taɓa lura yana tsufa. Mai askin gari ya rufe shago da rana tsaka. Fasto ya sa shi cikin addu'ar Lahadi, tsakanin marasa lafiya da sojoji. Wata mata a layinmu ta raɗa wa ɗan kwikwiyonta suna Purvis, wai ita nan girmamawa ta yi.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne Dewey, mijin ƙanwar maigidana. Tun ina da baƙin gashi Dewey ke buga waya gidan rediyo duk Litinin yana cewa a sallami Gaddy, bai san kan wasa ba, zamaninsa ya wuce. To, ranar nan sai ga muryarsa a rediyo yana sheshsheƙar kuka, wai ba za a sake haihuwar irin Gaddy a Mississippi ba.

Da muka haɗu a kanti na tare shi. "Dewey, ba kai ne ka ce ko akuya aka ba yaran nan sai ta fi shi dabara ba?"

"Haba Yaya Lurleen, ai wannan tsakanina da shi ne. So ne ya kawo haka."

"So? Allah ya raba mu da irin son nan naka."

Ni dai ban yi kuka a rediyo ba, ban kuma sayi rigar da aka buga fuskarsa a ƙirji ba. Abin da ya dame ni daban ne, kuma yana zaune a gidana cikin keken guragu. Mijina ne, Odell.

Mu mutanen bayan katanga ne. Masu hali suna zama a rumfa, kan kujeru masu lamba. Mu kuwa, a can ƙarshen fili ta hagu, bayan katanga, muka jera tsofaffin a-kori-kura tun muna amare, tayoyin sun sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu. Sai mu hau bayansu mu kalli wasa, muna soya tarwaɗa da garin masara, muna yi wa 'yan wasan baƙi tsiya. Tamu koriya ce, kuma ban tuna ranar da injinta ya yi tari na ƙarshe ba.

Shi Koci Gaddy Allah ya yi shi da zafin kai. A wasanmu, in koci ya wuce gona da iri wajen musu, alƙalin wasa zai nuna masa hanyar waje, ya fice daga fili, kuma ba ya sake taka shi ranar. Sauran masu horarwa in an kore su sai su shige ɗakin sauya kaya su yi ta kumbure-kumbure. Gaddy ba haka yake ba. Zagayowa yake ta bayan katanga, yana tafe yana surfa ashar, har gindin motarmu. Ya kifa bokiti ya zauna a ƙasa, inda ba ya hango fili, don doka ta hana shi kallo. Odell ya miƙo masa farantin kifi daga sama. Kafin ya kai loma baki sai Odell ya ce, a natse:

"Alƙali ne da gaskiya."

Shi ke nan, an kunna wuta. Koci ya yi jifa da hula, ya miƙe yana kwatanta yadda abin ya faru, Odell yana girgiza kai kamar mai jin tausayinsa. Su yi ta yi har a tashi wasa, kifi ya ƙare, muryoyi su dashe. Ba ruwan Odell da ko ya ga abin da ya faru. Akwai ranar da yana ban ɗaki aka yi korar, ya fito yana gyara bel ya ce alƙali ne da gaskiya.

Iyakar abotarsu ke nan, wallahi. Koci bai san launin ƙofar gidanmu ba, Odell bai taɓa shan ruwan gidansa ba. In sun haɗu a gidan mai, ɗaga kai kawai suke yi wa juna kamar masu jin kunya. Maza ke nan, ni na daina ƙoƙarin gane su.

Bara da kaka Odell ya faɗi a bayan gida yana gyaran injin yankan ciyawa. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya yi nauyi. Maganar tana nan a kansa sarai, amma fitowarta sai ka ce ana jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ni kuma ban iya jira ba, haka Allah ya yi ni. Da ya ce "ru" na ce "ruwa", da ya ce "ta" na buɗe taga. Na zama bakinsa, ina ganin taimako nake yi.

Koci ya zo asibiti. Ya zo cikin kwat, da furanni, hula a hannu, murya ƙasa-ƙasa kamar mai ta'aziyya. "Sannu, Odell. Ya jikin? Allah ya ƙara sauƙi." Odell ya dube shi, ya dubi furannin, ya juya fuska bango. Bayan ya fita na ga hawaye na bin gefen fuskar da ba ta motsi. A ranar na gane ba sannu yake so ba. Sannu kam mun sha ta har ta ginshe mu.

'Yarmu da ke Memphis ta riga ta gyara mana ɗaki, da an rufe kakar wasa za ta zo ta kwashe mu. Likita ma ya ce zafin rana da hawa mota ba nasa ba ne yanzu. Saboda haka kakar nan ita ce ta ƙarshe ga Koci, ita ce kuma ta ƙarshe ga Odell. Duk ranar wasa mazan bayan katanga su ɗaga shi da kekensa su ɗora a bayan mota. Da ya zauna sai ya nuna min bokiti da hannun hagu, in sauka in kifa shi a inda aka saba.

Tun farkon kakar har ƙarshenta bokitin nan ba wanda ya zauna a kansa. Alƙalai sun haɗa baki, wai dattijo na bankwana, ba mai son a ce shi ya kore shi. Mutumin da a da ko tari ya yi da ƙarfi sai an nuna masa waje, yanzu ya zama ɗan lele. Duk ranar da aka tashi wasa in ɗauke bokitin in mayar cikin mota, Odell yana kallona, ni kuma raina yana ƙuna.

Wasan gida na ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana, cikin watan Mayu, ana zafi kamar a bakin murhu. Kafin a fara, yara na motsa jiki, na hango Koci kusa da katanga na ƙwala masa kira.

"Koci! Zo nan, ranka ya daɗe."

Ya tako da tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa. "Lurleen, ƙanshin nan naki zai hana yarana wasa."

"Bar zancen ƙanshi. Yau ce fa ta ƙarshe. Bokitin can ya gaji da zaman banza."

Ya saci kallon Odell, ya yi saurin kawar da kai. "Kina tsammani ban gwada ba? Makon jiya na ce wa wani alƙali makaho ɗan makaho. Kin san amsar da ya ba ni? Wai in tsaya a ɗauke mu hoto, zai nuna wa 'ya'yansa."

"To ka ƙara gishiri mana."

"Yau Wendell Boykin ne alƙalin kusurwa ta uku, inda nake tsayawa. Ba wanda ya kai shi korata a duniyar nan. Amma matarsa ta ce in ya kore ni yau, ya nemi wurin kwana. Bari dai a tashi wasa, zan zagayo in gaishe shi."

"In gaisuwa ce, riƙe abarka. Fushinka yake so, Purvis."

Ban taɓa kiran sunansa tsirara ba sai ranar. Ya tsaya yana dubana, ya ja bakin hularsa, ya juya ya tafi.

Ashe Maxine na bayana, kunne a buɗe. Ita ce ƙanwar Odell, matar Dewey, kuma shugabar kwamitin magoya baya. Wata da watanni tana shirya bikin bankwana: 'yan badujala, jawabin shugaban kwaleji, da wata kujera mai lilo da aka sassaƙa sunan Koci a jikinta, za a zaunar da shi a tsakiyar fili bayan wasa.

"Matar Yaya, me kike ƙullawa?" in ji ta. "Kin san in aka kore shi ba zai sake shiga fili ba yau, ko don biki? Wa zan zaunar a kujerar?"

"Zaunar da Dewey. Ai shi ya fi kowa sonsa."

"Ke dai ba kya jin magana! Shugaban kwaleji fa ya haddace jawabinsa!"

"To ya karanta wa kujerar. Dubi yayanki, Maxine."

Ta dube shi. Yana zaune da hular ƙungiya a karkace, idonsa a kan kusurwa ta uku. Ta yi tsaki, ta wuce tana cewa ita dai ba da ita ba.

Aka fara wasa. Koci ya yi ƙoƙari, wannan zan shaide shi ko a gaban wa. Muryarsa har wurinmu take zuwa, amsoshin Boykin kuwa matarsa ce ta ba ni su daga baya a wurin gyaran gashi, ba ta rage ko ɗaya ba.

A zagaye na biyu wata ƙwallo ta faɗi kusa da layi, Boykin ya ce waje ce. Koci ya ruga da gudu, ya yi ta shurin ƙasa yana watsa masa a takalmi har ya binne su. Boykin ya dubi ƙafarsa ya ce, "Ka gama, Koci? Kula da gwiwar nan taka." Can gaba kuma Koci ya cire hula ya maka da ƙasa ya taka ta. Boykin ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya ɗora masa a ka, har da daidaita bakin. Rumfa ta ɗauki tafi. Koci ya tsaya ƙiƙam kamar angon da ake yi wa kwalliya, kunya ta kama ni a madadinsa.

Nan na ɗauki ludayi da murfin tukunya na shiga bugawa. "Kore shi! Kore shi!"

Motar kusa da mu ta ɗauka, ta gaba ta ɗauka, kafin ka ce me duk bayan katanga ya amsa. Mutanen da suka sayi riga da fuskarsa, suka rubuta "Mun gode Koci" a kwali, su ne ke tsalle suna roƙon a kore shi. Baƙin da suka biyo ƙungiyarsu daga Alabama suka saki baki suna kallonmu, na ji wata na tambayar mijinta ko haka ake bankwana a garin nan. Dewey kuwa, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana neman a kori mutumin nan, ya hau kan rufin motarsa yana ɗaga hannu sama: "Kada ka kore shi, Wendell! Don girman Allah kada ka kore shi!"

Boykin ko gezau. Ya harɗe hannu a baya yana murmushi kamar mai tsaron ƙofar majami'a.

Rana ta fara karkata, wasa ya kusa ƙarewa, muryata ta dashe. Na waiga na ga Odell ya daina kallon fili, ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa mara motsi.

"Ɗau..." in ji shi.

"In ɗauke bokitin?"

Ya gyaɗa kai. Ban ɗauke ba. Na juya na zuba sabon kifi a mai don kada ya ga fuskata, amma gaskiya na fid da rai.

A zagaye na takwas ana kunnen doki. Ɗan wasanmu ya taso a guje daga kusurwa ta biyu, ya zube ƙasa ya sulalo zuwa ta uku. Mai tsaron kusurwar ya cafe ƙwallo ya taɓa shi da ita. Ni daga inda nake na ga an taɓa shi tun ƙafarsa ba ta isa ba, wato ya fita. Sai Boykin ya ware hannu biyu, alamar ya tsira.

Rumfa ta kaure da ihun murna. Koci kaɗai bai yi murna ba. Ya tsaya cik, kunnuwansa suka yi ja wur. Na san jan nan. In Gaddy ya ruga da gudu wurin alƙali, wasan kwaikwayo ne. In ya tako a hankali, hannu a aljihun baya, to abin ya kai zuci. A hankali ya tako.

"Wendell, me na gani yanzu?"

"Ya tsira, Koci."

"Ya tsira a gidan wa? An taɓa shi tun yana hanya!"

"Koci, yaronka ne fa."

"Na san yarona ne, ni na koya masa gudun! Sadaka kake ba ni? Don zan tafi shi ne za ka sallame ni da kyautar tausayi?"

"Abin da na gani na faɗa. Koma wurinka."

"Shekara da shekaru ina ce maka makaho, kuma makahon ne kai, amma makaho mai gaskiya. Yau ka gani sarai ka yi maguɗi!"

Murmushin Boykin ya ɗauke. Ka ce masa makaho, ka ce masa jaki, duk ya saba, abincinsa ne. Amma tunda yake alƙalanci ba wanda ya taɓa jifansa da maguɗi.

"Maimaita, Purvis."

"Maguɗi na ce! Ma-gu-ɗi!"

Boykin ya ja da baya, ya wulwula hannu kamar zai jefa dutse ƙetaren kogi, ya nuna hanyar waje da ƙarfin da har hularsa ta faɗi. Har yau yana rantsuwa yaron ya tsira, matarsa kuma ta ce a kujerar falo ya kwana.

Filin ya yi tsit. Kocin baƙi ya cire hula yana sosa ƙeya, don bai taɓa ganin wanda aka kora saboda an yanke hukuncin da ya amfane shi ba. Sai bayan katanga ya fashe, ana buga tukwane, ana danna hon ɗin motocin da ke da sauran batir. Na hango Maxine can bakin rumfa ta zube cikin kujerar lilon tana fifita da takardar tsarin biki.

Ni dai hanya nake kallo. Can sai ga shi ya ɓullo ta bayan katanga, yana ɗingishi, yana surfa ashar, fuska kamar garwashi. Bai yi sallama ba, bai ce ya jiki ba. Ya zauna daɓas a kan bokiti.

"Kun ga abin da ɗan banzan nan ya yi min? A wasana na ƙarshe!"

Na ɗora kifi a faranti na sa a hannun hagun Odell, na riƙe masa wuyan hannu. Ya fizge. Shi da kansa ya miƙa, farantin ya karkace, yanka ɗaya ya zame ya faɗi cikin ciyawa. Koci ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗora a gwiwa. Bai ci ba, don ba a ci sai an yi maganar.

Odell ya buɗe baki. "Al..."

"Cewa yake yi..." in ji ni.

"Lurleen," Koci ya ce, ko kallona bai yi ba, "ba da ke nake ba. Da mijinki nake."

Na ja bakina na yi gum. Tun ranar da Odell ya faɗi ban taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ba, kuma wallahi ban san jira yana da wuya haka ba. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi na bin goshinsa, leɓensa na rawa. A fili aka buga wata ƙwallo da ta tayar da rumfa tsaye, amma ba wanda ya waiga cikinmu. Koci na zaune da faranti a gwiwa, ya ɗaga kai yana harararsa kamar yadda ya saba, ba tausayi ko ƙanƙani a idonsa.

"Al... ƙali..." Odell ya ja numfashi. "Ne... da... gas... kiya."

Koci ya zabura ya maka hula da ƙasa. "Gaskiyar me! Odell Rainey, daga nan ka gani? Da wane idon? Kai da Boykin duk jirgi ɗaya ya kwaso ku! An taɓa yaron nan tun yana nan, ƙafarsa tana can!"

Odell ya girgiza kai a hankali, irin girgizawar nan tasa ta mai jin tausayi. Ya ɗaga hannun hagu ya ware shi gefe, alamar ya tsira.

"Da hannu ɗaya?" Koci ya daka masa tsawa. "Ai wannan rabin tsira ne! In ka isa ɗago ɗayan mu gani, tsohon banza!"

Sai Odell ya fashe da dariya. Rabin fuskarsa ce ke yi, amma dariya ce ta gaske, har da tari, har da dukan hannun keke. Rabona da jin ta tun kafin kaka. Na tsaya da ludayi a hannu ina kuka kamar yarinya, ban ko ɓoye ba.

An ci mu da ɗaya. Shugaban kwaleji ya yi jawabinsa ga kujera, 'yan badujala suka busa, washegari Litinin kuma Dewey ya buga waya rediyo ya ce shi dama ya sha faɗa, Gaddy ba ya iya riƙe zuciyarsa.

Koci da Odell kuwa ba su ji ko kalma ɗaya ta jawabin ba. Lasifika na ta ambaton sunan Koci, shi kuwa yana tsugune yana zana kusurwa ta uku a ƙasa da ƙayar kifi, yana nuna wa Odell inda ƙafar yaron take. Odell na jawo kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, Koci na jiran kowace ta fito kafin ya ƙaryata ta. Kifin da na bari a mai ya ƙone ƙurmus. Na kwashe na ba su haka nan, suka cinye tas, ba wanda ya lura.